Yadda Za Ka Ɗura wa Yara Turanci Ba Tare da Sun Buɗe Littafi Ba

Malam, in an damƙa maka 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Gaya ko Ajingi, aka ce ka cika musu ciki da kalmomin Turanci kafin jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku, kwantar da hankalinka. Hanya a buɗe take.

Fara da ƙamus. Samo na Oxford, mai nauyin nan, ka kulle shi a kabad ɗin ofis, don yatsun yara ba sa rabo da man awara. Ƙamus mai tsabta shi ake nuna wa masu duba makarantu in sun zo daga Kano. Na Neil Skinner kuwa, Kamus na Turanci da Hausa da ya fito a 1965, kada ma su ji labarinsa. In yaro ya iya nemo ma'ana da kansa, kai kuma mene ne aikinka?

Sai tarar banakula. Naɗa monita marar fara'a ya riƙa rubuta sunan duk wanda Hausa ta suɓuce masa, naira hamsin ko bulala biyu. Kafin mako ya zagayo aji ya yi tsit, wanda bai yi magana ba kuwa ai bai yi kuskure ba. Shi monitan da Hausa zai kawo maka ƙara, amma a bar shi, hukuma ce.

Wajen zaɓen kalmomi, tsawo ake dubawa. Mai gaɓa biyu ta talaka ce. Zuba ashirin a allo masu gaɓa biyar-biyar, ka faɗa su amsa, har direbobin da ke bin titin Wudil su jiyo. Yaranmu dama gwanayen hadda ne, ko ma'ana ba za su tambaya ba. Kada ka kuskura ka sa kalma cikin jimla, alli na da tsada. Ranar muhawara ka bai wa mai bakin ajin takarda ya haddace. Ya gaishe da alƙalai da mai duba lokaci, ya zazzago Turanci, a kaure da tafi. In abokin hamayya ya jefo masa tambaya, yi maza ka kaɗa ƙararrawa.

Littafin labari shi ne babban hatsari. Ka guji The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, tunda labarin a Arewa ya faru kuma yana da daɗi. Yaro zai yi ta cin karo da kalma guda har ta zauna masa ba tare da an taɓa lafiyarsa ba, gobe kuma ya dawo yana roƙon Chike and the River na Achebe. Wa zai iya da wannan fitina?

Kai kuma Baba, in yaronka ya dawo gida, miƙa masa kwalbar maganin feshin wake ya karanta maka murfi nawa ake zubawa a jarka. In ka ga ya daɗe yana jujjuya ta, ka ce rubutun ne ya cika ƙanƙanta, ka aika shi ya tambayo mai shago.