Fatawa a Kan Batirin da Ke Ƙarewa Alhali Kwamfuta Tana Kashe

Daga cikin mas'alolin da suka addabi ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa a birnin Yamai a wannan zamani, waɗanda magabata ba su bar mana nassi a kansu ba, domin su alƙalaminsu na kara bai taɓa neman caji ba, akwai mas'alar mutumin da zai kashe kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka bayan sallar isha'i, batirinta cike maƙil, ya sa ta a jaka, ya kwanta da kwanciyar hankali, sa'an nan da gari ya waye ya buɗe ta a gaban shugabansa, ko a gaban malaman da za su saurari kundinsa a Jami'ar Abdou Moumouni, ya tarar ko ƙyafta ido ta ƙi yi. To, da yake mu jama'a ne waɗanda Allah Ya hore wa baiwar sanin mai laifi tun kafin a san laifin, ba a daɗe ba sai mazhabobi suka ɓullo a kan wannan al'amari, kowace da shaihunanta da hujjojinta, tun daga rumfunan Katako har zuwa fadodin shayi na Harobanda.

Mazhaba ta farko, wadda ta fi kowace yawan mabiya, ta tafi a kan cewa aikin mutanen ɓoye ne, ko kuwa hannun wani abokin aiki wanda ya daɗe yana hangen kujerar mai kwamfutar. Ma'abota wannan ra'ayi sukan yi wa madannai tofi, su rataya wa jaka laya, wasu ma har su turara na'urar da hayaƙi, wanda ba ya ƙara mata komai illa toshe ƴar fankar da ke sanyaya cikinta. Raunin wannan ƙauli a fili yake ga duk mai basira, domin kuwa halittar da aka yi ta daga wuta ba ta da wata bukata ga ɗan guntun lantarkin da ke cikin batirin Alhaji.

Mazhaba ta biyu ta ɗora alhakin a wuyan kamfanin lantarki na NIGELEC, tana mai cewa kuran ɗin yanzu ba shi da auki, wai wutar da ke tasowa daga Kainji, ta ratso Birnin Kebbi kafin ta iso mu, takan gaji a hanya, saboda haka ba ta kwana a batir. Lalle mutanen Yamai suna da dalilin yin ƙorafi a kan wuta, musamman waɗanda suka ga watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya, wadda a sa'an nan take ba Nijar kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka zauna cikin duhu da zufa har ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024. Amma adalci ya wajaba ko da a kan wanda ake jin haushinsa: cajin da ya riga ya shiga batir ya fita daga hannun kamfani, kuma babu ma'aikacin da ke bin gidaje da tsakar dare yana karɓe abin da ya sayar da rana.

Mazhaba ta uku ta tuhumci mai gyara, cewa tun ranar da aka kai masa kwamfutar don ya duba allonta ya musanya batirin da wani. Ta huɗu kuwa, wadda ba ta bukatar shaidu ko rantsuwa, ta yanke hukunci a kan yara, har ana zartar da haddi da bulala tun kafin a karya kumallo. Abin da ya haɗa mazhabobin nan huɗu, duk da saɓaninsu, shi ne ijma'insu a kan abu guda, wato ba a tambayar ita kwamfutar kanta, kuma ba a tuhumar mai ita, alhali kuwa mu ne muke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Amma idan aka koma ga tahƙiƙi, sababi na farko shi ne cewa kwamfutar ta koyi irin sallamarmu. Kowa ya san baƙon da zai miƙe ya ce, "To, Alhaji, ni zan koma," a rako shi zaure, a tsaya a tattauna tsadar shinkafa, a taka zuwa bakin titi, a buɗe babin auren ƴar wane, har ladan ya kira sallar da ke gaba ana nan tsaye ana cewa sai an jima. Haka wanda ya rufe murfin kwamfutarsa ya ɗauka ya kashe ta, alhali barci kawai ta shiga, kuma a barcin nan tana riƙe da duk abin da ya bari a buɗe, riƙon kuwa da wuta ake yinsa. Kwamfutocin baya-bayan nan ma barcinsu na zomo ne, domin da yawansu sukan ci gaba da leƙa intanet suna karɓo saƙonni da sabunta manhaja, shi ya sa wani zai ciro tasa daga jaka ya ji ta da ɗumi, ya ce sammu ne. Ko wanda ya bi ƙa'ida ya danna wurin kashewa bai tsira gaba ɗaya ba, saboda tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, an shigo da wata dabara ta tashin gaggawa, inda na'urar ke ajiye wani sashe na halin da take ciki don ta yi saurin farkawa, kuma a wasu kwamfutoci hakan yakan sa kashewar ta ƙi kammaluwa yadda ya kamata. Mai son yankakkiyar sallama sai ya danne madannin Shift, wanda masu Faransanci ke kira Maj, sa'ad da yake danna wurin kashewa, ko kuwa ya shiga saitin wuta ya cire tashin gaggawar ɗungum.

Sababi na biyu shi ne wanda ake jin nauyin faɗa, domin ya shafi zumunci. Da yawa daga kwamfutocin nan suna da wani ramin USB, wanda akan gane shi da ƴar alamar walƙiya ko ta batir a gefensa, wani kamfanin ma yakan yi masa launin rawaya, kuma an ƙera shi ne musamman don ya riƙa ba da caji ko da na'urar tana kashe. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan rami sun yi nufin matafiyi ya ɗan taimaki wayarsa a filin jirgi, ba su san akwai gida mai mutum goma sha ba, a daren bazara, an ɗauke wuta tun magariba. Da zarar numfashin maigida ya daidaita, sai Hajiya ta zuge jakar a hankali, ta soka salularta, tana cewa a ranta ai kashe take, ba abin da zai ragu. Idan ta cire, ɗan fari ya soka tasa; bayan shi sai fitilar caji, sai ƴar fankar da ake kunna wa jariri. Can kuma sai a ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, yaron maƙwabta ne riƙe da waya a hannu biyu, ya durƙusa ya ce, "Inna tana gaishe ki, wai in ji ta, ko na'urar Alhaji da sauran wuta?" Kafin asalatu an mai da komai mazauninsa, an zuge jaka, an ajiye ta daidai inda take. Da safe maigida zai fito yana huci, ya ce, "Hajiya, wa ya taɓa mini kwamfuta?" Ita kuwa ta amsa da natsuwar wanda bai yi ƙarya ba, "Wallahi, Alhaji, ba wanda ya kunna ta." Kuma maganarta sahihiya ce a zahirin lafazi, ko gaban alƙali aka je.

Sababi na uku shi ne tsufa, wanda ba ya barin mutum balle batir. Irin batirin lithium da ke cikin waɗannan na'urori, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ko ba a taɓa shi ba yakan zubar da kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a wata, kuma bayan an cika shi an juye kamar sau 300 zuwa 500 ƙarfinsa yakan ragu a bayyane. Mu kuwa galibin kwamfutocinmu na hannu ne, irin waɗanda ake yi wa kirari da "France au revoir", sun gama ƙuruciyarsu a ofisoshin Turai kafin su zo yin ritaya a bakin Kogin Kwara, mai sayarwa kuma ya rantse cewa wata tsohuwa ce ta yi amfani da ita sau biyu. Sa'an nan babu abin da ke gaggauta tsufan batir kamar zafi, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40 a inuwa, amma Alhaji zai kulle kwamfutar a mota a bakin Babbar Kasuwa tun hantsi har la'asar. Tsohon batir kuma yakan yi shaidar zur, ya nuna kashi 60 yanzu, an jima kaɗan ya faɗi warwas. Wanda ke son jin gaskiya daga bakin kwamfutar kanta, sai ya buɗe baƙin allon umarni na Windows ya rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar masa da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yau. In ya ga an kusa raba biyu, to, ya nemi sabo, ya daina neman maƙiyi. In kuwa batirin ya kumbura har yana ɗaga madannai, wannan ya wuce wasa, a raba shi da na'urar nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Hanyar rarrabe waɗannan sabubba ba ta bukatar ko dala. A cika batir, a rubuta adadinsa a takarda, a cire duk abin da ke soke a jikin kwamfutar har da ɗan ƙaramin abin linzamin nan da ake mantawa, a kashe ta cikakkiyar kashewa, sa'an nan a shigar da ita halwa cikin akwati mai kwaɗo, makulli kuma ya kwana a aljihun mai ita. Idan da safe abin da ya ragu bai wuce kashi 1 ko 2 ba, to, na'ura lafiyarta ƙalau, ɓarawon yana cin tuwo tare da kai. Idan ta zube da yawa duk da halwar, sai a shiga saitin BIOS a kashe cajin USB na lokacin da take kashe, a kashe kuma damar da ake ba ta ta farka ta hanyar igiyar intanet, a sake gwadawa. In duk an yi wannan ba ta daina ba, sa'an nan ne ya halatta a nufi mai gyara, da ladabi, ba da zagi ba, domin la'alla batirin ne ya mutu ko wani sashe na cikinta ke zuƙar wuta.

Sai dai wajibi ne in yi wa mai karatu nasiha a kan abin da zai biyo bayan kashe ramin nan mai albarka, domin duk wanda ya yi haka ya tsare batirinsa, amma ya sayi suna, kuma kafin sati ya zagayo za a ji a gidan biki cewa Alhaji wane, duk da rawaninsa, ko wutar kwamfuta ba ya iya bai wa maƙwabci. Saboda haka abin da ya fi dacewa ga mai hankali shi ne ya haɗa tsaron dukiya da tsaron mutunci, ya sayo wa Hajiya ma'ajin caji nata na kanta, in da hali ya ɗora ɗan faifan sola a kan rufi, tun da rana dai ba a yi mana rowarta ba. Marigayi Abdou Moumouni Dioffo ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna mana amfaninta, kuma tashar Gorou Banda mai megawat 30 ta fara juya ta zuwa lantarki tun 2023. Bayan haka sai ya nemi gafarar yaran da ya daka, da mai gyaran da ya ɓata wa suna, da abokin aikin da ya daina amsa wa sallama. Kada kuma ya yi tsammanin yaron maƙwabta zai daina zuwa. Zai zo, sai dai wannan karon Inna za ta ce a ba shi ma'ajin cajin gaba ɗaya, da safe za a maido in Allah Ya so. Wallahu a'alamu.