Matafiyan Da Ba Su Bar Falo Ba

Akwai wata 'yar jama'a, ba ta da yawa amma akwai surutu, wadda cutarta ita ce tara tsofaffin littattafan tafiye-tafiye. Ba kowane tsohon littafi suke so ba, sai wanda wani ya rubuta bayan ya keta Sahara a kan raƙumi, ko ya je Makka a zamanin da maniyyaci ke barin wasiyya kafin ya ɗaura sirdi. Manyan kasuwannin wannan kaya suna Landan da Paris da Alƙahira, inda ake gwanjonsu, amma cutar ta iso mu tuntuni, don da yawa cikin littattafan labarin ƙasarmu suke bayarwa. Za ka tarar da masu ita cikin malaman jami'a, da manyan sakatarorin da suka yi ritaya, da alhazan da kuɗi ya rasa inda zai kai su. Abu ɗaya ya haɗa su: suna matuƙar son wahalar hanya, muddin wani ne ya sha ta.

Babbansu shi ne Sarkin Bugun Farko. Shi ba ya tambayar abin da littafi ya ƙunsa, shekarar bugu kawai yake tambaya. Abin alfaharinsa littafin Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya tashi daga Tarabulus a 1850, ya shigo Kano a 1851, bai koma gida ba sai 1855. Juzu'i biyar ne, kamfanin Longman ya buga su a Landan tsakanin 1857 da 1858. In ka kuskura ka ce ai kai ma kana da shi, bugun Frank Cass na 1965 mai juzu'i uku, sai ya dube ka da tausayi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ai labarin ɗaya ne." Ya ce, "Yaro, takardar ba ɗaya ba ce." Daga nan zai buɗe juzu'i na biyu, ya kai hanci, ya lumshe ido. Abin da ya taɓa hana shi barci shi ne ranar da aka gaya masa cewa bugun Jamusanci ma ya fito a garin Gotha a daidai waɗannan shekaru. To wanne ne na farko? Don ya huta da wasiwasi sai ya sayi duka biyun, alhali ko gaisuwa bai iya da Jamusanci ba. A karatu kuwa, har yau Barth ɗinsa bai iso Agadas ba.

Yana da ƙane wanda ya fi shi tsanani. A da, akan buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, a ninke, a ɗinke, mai saye shi zai sa wuƙa ya raba bakin shafukan kafin ya iya karantawa. To wannan bawan Allah kwafin da ba a taɓa sa wa wuƙa ba yake farauta. Shekara ɗari da sittin ba wanda ya karanta shi, kuma ya biya kuɗi mai tsoka don ya tabbatar ba a fara a kansa ba.

Sai Mai Ƙirga. Shi ba ya sayen littafi sai ya zauna da fensir da jerin zane-zanen da ya kamata a samu a ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. In an ce zane goma sha biyu ne ya sami goma sha ɗaya, ciniki ya mutu, ko da dillali zai yi rantsuwa da kabarin kakansa. Taswira mai ninki ita ce ransa. A littafin Denham da Clapperton, wanda John Murray ya buga a 1826, abin da yake fara lalubowa shi ne taswirar da Clapperton ya samo a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Burinsa na duniya, wanda ya san ba zai cika ba, shi ne littafin ziyarar Ƙudus na Bernhard von Breydenbach, bugun Mainz na 1486, mai zanen birnin Venis da in an warware shi ya haura mita ɗaya da rabi. Ni dai ina ganin ƙimar wannan mutum, don ba don irinsa ba da mahauta sun gama da mu.

Mahauci shi ne wanda ya gano cewa littafi ɗaya a yanke ya fi littafi ɗaya a ɗinke kawo kuɗi. Reza yake sa wa, ya zare zanen Kano daga saman Dala da ke cikin Barth, ya sa shi a firam, ya sayar wa mai otal. Sauran gawar ya mayar kanta ya jira marar ƙirga. A taron masu tara littafi ba a ambaton sunansa sai an yi tsaki, ko da yake rabin masu tsakin akwai aikinsa rataye a falonsu.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Mai Neman Garinsu. Daga baya yake buɗe littafi, wajen fihirisa, ya bi da yatsa har ya ga sunan garinsu. In babu, littafin banza ne, marubucin kuma bai je ko'ina ba. In akwai, to an shiga rigima, don da wuya baƙo ya faɗi abin da ɗan gari ke son ji. Bakano ya karanta cewa Barth ya ƙiyasta mutanen birnin Kano dubu talatin, suna ninkawa lokacin da fatake suka cika gari, ya ce wannan Bature bai iya lissafi ba, Kasuwar Kurmi kaɗai ta fi haka. Amma da ya juya ya ga an ba Katsina abin da bai kai dubu goma ba, nan take Barth ya zama malami mai gaskiya, har da ɗaukar hoton shafin a aika wa suruki Bakatsine. Bazamfare kuwa da Leo Africanus yake shari'a, wato Hasan al-Wazzan, wanda aka buga bayaninsa na Afirka a Venis a 1550, aka juya shi zuwa Ingilishi a 1600. Mutumin ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, da ya zo kan Zamfara bai yi musu kara ba ko kaɗan. Abin da ke sanyaya ran Bazamfaren shi ne masana da dama suna shakkar ko Leo ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa. Wannan rukuni ne kaɗai ke rubutu a gefen shafi, kuma da biro: "Ƙarya ne." "Wa ya gaya maka?" Sarkin Bugun Farko ya taɓa ganin haka a kwafin wani, sai da aka ba shi ruwa.

Akwai kuma Mai Fushi Da Kayansa. Fanninsa Turawan da suka shiga Makka da sunan Musulunci: Ludovico di Varthema, wanda littafinsa ya fito a Rum a 1510, Joseph Pitts, ɗan Ingila da 'yan fashin teku suka kama suka sayar a Aljeriya, ubangidansa ya tafi da shi Hajji, ya buga labarinsa a 1704, Burckhardt da ya zama Shehu Ibrahim ya yi Hajji a 1814, da uban tafiyar, Richard Burton, wanda ya shiga a 1853 da rigar likita mai suna Abdullahi, ya fito ya cika juzu'i uku. Kullum cikin tsine musu yake. 'Yan leƙen asiri, maƙaryata, marasa kunya. Yana tsinuwar yana goge bangon Burton da ƙyalle mai laushi, kuma ba abin da ya kashe wa kuɗi a gidan nan kamar waɗannan marasa kunyar.

Yanzu ga Madugun Falo, wanda na fi daɗewa ina kallo. Rihlar Hajji yake tarawa, ta Larabci musamman. Yana da Ibn Jubair bugun Leiden na 1852, yana da Ibn Battuta na Paris mai juzu'i huɗu, yana da Mir'atul Haramaini na Ibrahim Rif'at Basha, bugun Alƙahira na 1925, mai cike da hotuna. Kuma shi, a yi masa adalci, yana karantawa. Zai lissafa maka zangunan ayarin Sham da na Masar a jere. Zai ba ka labarin yadda Ibn Jubair ya baro Garnaɗa a 1183, yadda ma'aikatan kwastan na Iskandariyya suka zazzage kayan alhazai, da jiragen Aizab waɗanda ba ƙusa a jikinsu, da igiya aka ɗinke katakon, ana cusa mutane a ciki har ba wurin juyawa. In ya kai nan muryarsa takan yi rawa. "Waɗannan su ne alhazai," in ji shi, "mu yawon buɗe ido muke." Gaskiya ya faɗa, don shekarar da ya sauke farali, a jirgin sama, abin da ya dawo yana ba da labari shi ne na'urar sanyaya ɗaki ta tantinsu a Mina ba ta aiki sosai.

Abin da ya sa na ce na daɗe ina kallonsa shi ne, a cikin gidan nan nasa, a ɗakin da ke bayan kicin, akwai gwaggonsa, tsohuwa tukuf. Tana yarinya iyayenta suka ɗauke ta suka nufi gabas a ƙasa: Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Fashir, Ubayyid. Suka tsaya tsinkar auduga a Jazira har suka tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Ta bar gida ba ta fara azumi ba, ta dawo da goyo. Ta san sunan kowace rijiya, ta san inda aka binne ƙaninta a bakin hanya. In ta fara labarin, Madugu yakan leƙo ya ce, "Gwaggo, a ɗan rage murya, ina nazari." Ba wanda ya taɓa ɗaukar maganarta ko a waya, da yake ba a Leiden aka buga ta ba.

Ɗan Jari ba zai ci mana lokaci ba. An ce masa tsohon littafi ba ya faɗuwa, ya saya da dala, ya kulle a kabad. Hunturu ya fasa fatar bangon, damina ta kawo fumfuna, gara ta shigo ta baya ta fara daga Tarabulus ta fita ta Tambutu. Ita kaɗai ce a gidan ta gama juzu'in.

Dukkansu kuwa hanyarsu ɗaya take ɓullewa, wajen Magaji. Ranar rabon gado an ƙiyasta gida, an ƙiyasta mota da gona, sai a zo kan kanta. Malam ya ɗaga juzu'i ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Waɗannan fa?" A ce takardun marigayi ne. A nan ne Barth yake nuna amfaninsa, don in marigayin ya bar maza biyu da mace ɗaya, lissafi ya fita ba saura: biyu, biyu, ɗaya. Tumunin uwargida kuma a zare mata taswira. Juzu'i na ɗaya da na biyu su tafi Abuja, na uku da na huɗu su tafi Kaduna, na biyar ya bi 'yar gidan mijinta a Zinder. Abin da marigayi ya yi shekaru yana haɗawa daga dillalai uku a ƙasashe biyu ya watse kafin la'asar. Wata shida bayan haka babban ɗan zai ji farashin cikakken saiti, ya fara kiran ƙanwarsa yana tambayar lafiyar yara.

Na bar ɗaya a ƙarshe don sauran ba sa lissafa shi cikinsu. Ba ya zuwa gwanjo, ba shi da dala. Shi tafiyar da Bahaushe ya yi ya ba da labari da bakinsa yake nema. Yana da hoton Magana Hausa na Schön, bugun 1885, saboda labarin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta, ya bi Barth har Tambutu, ya je Ingila a 1855, ya kalli Turawa da irin idon da suke kallonmu. Yana neman bugun farko na Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda Abubakar Imam ya rubuta kan zuwansa Ingila a 1943, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Waɗannan a takarda mai araha aka buga su, aka raba wa makarantu, yara suka karanta su har suka mutu, shi ya sa samun mai cikakken bango ya fi samun Burton wuya. Sarkin Bugun Farko yakan kira su "'yan ƙananan takardun nan naka".

Ma'adanarsa ita ce tsofaffin akwatunan malaman firamare, da buhunan takardun da ake sayar wa masu suya a kan kilo. Akwai wata mai ƙosai a unguwarsu da ta sayi irin wannan buhu daga gidan wani hedimasta da ya rasu. Tun ranar da ya ga shafin Imam naɗe da ƙosan hamsin, kullum da sassafe yana gindin kaskonta, yana saye yana warwarewa yana shanya shafi a inuwa, iyalinsa sun ci ƙosai har sun ƙoshi da ganinsa. Ya ce ta sayar masa da buhun gaba ɗaya, ta ce, "Malam, in na ba ka, da me zan naɗe wa mutane?" Ba ta yi boko ba, amma ta iya kasuwa. Yanzu takardar take sayar masa, ƙosan gyara ne.