Motar Hajiya

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, masu hankali suka fara jingine motocinsu suna neman babur. Ni kuwa a lokacin ne na ga dacewar in sayi mota, wai don ta yi araha. Wani dillali, abokin ƙanin matata, ya kawo mini Peugeot 406 'yar Kwatano, ruwan toka, ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Malam, wannan Fijo ko Makka ka nufa ba za ta yi tari ba." Muka yi ciniki, na biya, na ba shi la'adarsa. Ya miƙo mini makulli da wata baƙar leda cike da takardu. Na jefa ledar a aljihun gaban mota, ban ko buɗe ba.

Sati uku ina fantamawa. Ran nan uwargida tana neman cajar waya ta ci karo da ledar. Ina alwala a tsakar gida na ji ta ce, cikin wata murya mai sanyi da na san ba ta alheri ba ce, "Baban Ummi, wace ce wannan Hajiyar?"

Ashe lasisin motar, da inshora, da takardar shaidar mallaka, duk sunan wata mata ne a jiki, har da adireshinta a Zariya. Na rantse ban san ta ba. Ta ce haka ake cewa da farko, daga baya sai a ji an kai lefe. Daren nan tuwo ya zo babu man shanu.

Na so in share, sai wani jami'i a kan hanya ya ƙarasa aikin. Ya karɓi takardu, ya dubi sunan, ya dubi gemuna, ya ce, "Barka da rana, Hajiya." Na ce, "Yallaɓai, saya na yi." Ya ce ina rasit, ina takardar ciniki? Babu ko ɗaya. Mu dai hannu muka tafa da dillali, aka ce Allah ya sa albarka. Ya yi mini bayani, kuma gaskiya ya faɗa, cewa a idon hukuma motar nan ta Hajiya ce har gobe. Idan aka sace, ita ce mai kai ƙara. Idan na buge akuyar wani na gudu, ƙofarta za a ƙwanƙwasa. Ni dai wani mutum ne da aka samu a cikin motar mutane.

Washegari na nufi ofishin lasisi. Wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci ya lissafa mini abin da zan kawo: takardar yarjejeniyar ciniki da sa hannun mai sayarwa da na shaidu, takardar da mai motar ta yarda a canza suna, hotonta da nawa, katin shaida, takardar kwastam ta asali, rantsuwar kotu, da tantancewar 'yan sanda cewa motar ba ta sata ba ce. Ya ƙara da cewa inshorar nan da muka saba biyan dubu biyar, tun watan Janairu ta koma dubu goma sha biyar. Na ce to, ai dillali zai sa hannu. Ya sauke tabarau ya ce, "Sunan dillali ne a takardar?"

Nan aka shiga neman Hajiya. Dillali ya ce shi daga hannun wani bakanike ya karɓa. Bakanike ya ce wani ɗan kasuwar hatsi ne ya bar masa ita a madadin bashi. Ɗan kasuwa ya ce shi ma a wajen wani malamin makaranta ya saya, wanda yanzu an yi masa canjin wurin aiki. Mutum huɗu sun hau motar nan, kowa ya sha mai ya sauka, babu wanda ya taɓa tunanin canza suna. Ni ne na biyar, ni kuma Allah ya haɗa da mace mai karanta takarda.

Uwargida ta ce ƙafarta ƙafata. Muka kama hanyar Zariya tana zaune a gaba, ta ci kwalliya irin ta zuwa ganin kishiya. Bayan tambaya a lungu uku cikin birni, wani yaro ya kai mu wani tsohon zaure. Hajiyar da ta hana ni man shanu ta haura shekara tamanin, tana kan tabarma tana jan carbi. Ɗanta ne ya sa sunanta lokacin da ya sayo motar, don albarka, ita ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Uwargida ta durƙusa har ƙasa tana "Ina wuni, Inna," kamar ba ita ba.

Hajiya ta ce za ta dangwala, amma sai ta ga motarta tukuna. Aka riƙo ta zuwa ƙofar gida. Ta shafa murfin gaba ta ce, "Ɗan nan, ka ramar da ita." Sannan ta tuna akwai sunan jikarta a Samaru. Muka kai ta, muka jira aka ci shinkafa, muka biya da ita ta yi wa wata ƙawarta gaisuwar rasuwa, muka tsaya wajen mai hoto. Sai bayan la'asar ta dangwala babban yatsa, ta sa mana albarka, ta ba uwargida daddawa.

Na koma ofis ina taƙama. Aka fito duba lambar shasi. Lambar nan gurbi 17 gare ta, haruffa da alƙaluma a cakuɗe, tawa ta fara da VF3 kamar sauran Fijo ƙirar Faransa. Ba a sa harafin O ko I ko Q a cikinta, don kada a rikita su da sifili da ɗaya. To, wani bawan Allah da ya buga takardun farko ya ga sifili ya buga O. Dattijon ya ce bisa takarda, motar da na saya ba a taɓa ƙera ta ba. Na nuna masa ita ta taga, ga ta nan tana ɗigar da baƙin mai. Ya ce shi ma yana ganinta, kwamfuta ce ba ta gani. Sai wata rantsuwar kotun, sai wani layin, sai wasu hotunan.

Kafin a zo biyan kuɗin sabuwar lamba aljihuna ya yi fayau. Uwargida ta ce ta ɗauki adashi, za ta cika, amma da sharaɗi guda. Tunda motar ta saba da sunan mace, kada a rikita ta.

Makon jiya aka sake tare ni a hanya. Jami'in ya dubi takarda, ya dubi gemuna, ya buɗe baki zai yi magana. Na riga shi. Na ce, "Yallaɓai, na sani. Tana gida, cefane ta aike ni."