A Filin Golf, Sallama Ma Laifi Ce

Yayan matata ne ya ja ni. Tun da ya yi ritaya likita ya ce masa ya riƙa takawa a ƙasa, shi kuwa Alhaji ba ya tafiyar banza, sai da ya sayi jaka da sanduna 14. Wai doka ce, ka ƙara ɗaya a ci ka tara.

Tun daga ƙofa aka fara. Na sha shaddata da hula, aka ce sai riga mai kwala. Alhaji ya ara mini tasa, ta sauko har gwiwa.

Mun iso wurin bugun farko, na tarar da wani dattijo ya sunkuya, ya ɗaga sanda sama. Ni da aka yi wa tarbiyya, ai ba na wuce babba. Na buɗe murya: "Salamu alaikum! Baba, barka da hantsi, ya iyali?" Ƙwallon ta yi gabas, ta shige cikin darbejiya. Dattijon ya dube ni, ya dubi Alhaji. Har yau ina bin sa bashin amsa.

"Malam, don girman Allah," in ji Alhaji cikin raɗa, "in mutum zai buga ba a magana, ba a motsi."

"Yaya, sallama fa na yi."

"Ko tari ne, haɗiye abinka."

Can gaba na tsinci farar ƙwallo a ciyawa, sabuwa fil. Na ɗauka, na goge ta da rigar Alhaji, na ɗaga sama ina cigiya. Mai ita ya taho daga nesa yana ɗaga hannuwa, sai na tausaya masa na kai masa ita har inda yake. Maimakon godiya sai salati. Wai a wasan nan inda ƙwallo ta kwanta daga nan ake bugawa, kuma wai bana bai yi bugu mai nisan wannan ba.

Da tawa ta ɓace kuwa, babu wanda ya taya ni jimami. Kadi, yaron da ke ɗaukar jaka, ya duba agogo ya ce, "Yallaɓai, minti uku doka ta bayar." Da biyar ne, a 2019 aka rage. Wanda ya rage ɗin, na tabbata ba shi yake sayen ƙwallon da kuɗinsa ba. Ina cikin tonon ciyawa, mutanen bayanmu suna tsaye riƙe da ƙugu, Alhaji na ba su haƙuri yana cewa su wuce.

A Sikotland, inda wasan ya samo asali, lallausar ciyawa ce ke kewaye da ramin. A filin da muka je, rani ba ya barin wannan gata, yashi ne aka cuɗa da baƙin mai. Kadi ya ja buhu ya share wa Alhaji hanya sumul daga ƙwallo zuwa rami, kamar za a shanya tsaba. Na ga tuta ta tsaya a tsakiyar ramin, na ce bari in taimaka. Na bi ta kan sharar na cire ta. Alhaji ya rufe ido, ya buga a haka, ƙwallon ta gangara ta zauna daram a sawun takalmina.

Muna barin wurin sai wani ya kwarma ihu daga baya: "Fo!" Kowa ya durƙusa ya rufe ƙeya da hannu. Ni kuwa na juya in ga wa ake kira.

A sha-raɓa ƙwallon ta same ni. Na zube ina birgima, na hango Alhaji ya taho da gudu, abin da ban taɓa gani ba tun da na auri ƙanwarsa. Na ce Allah sarki, ɗan uwa rabin jiki.

Ya tsugunna a kaina yana haki. "Sannu, Malam, sannu. Amma ka mirgina ta hagu. Ƙwallon mutumin tana damanka, daga nan zai buga."