Goron Abijan da Haƙorin Surukina

Yau kwana huɗu ke nan ban bi ta ƙofar gidan surukina ba. Ta bayan kasuwar Dassasgho nake zagayawa, kamar wanda ya ci bashin mahauci.

Malamin su ɗana ne ya ja mini. Ya ce kowane yaro ya kawo wani abu na tarihi don bikin ranar ƙasa ta 11 ga Disamba. Ni kuma da neman suna na ce jirgin ƙasa za mu ƙera da gwangwani, irin na layin Abijan-Nijar, wanda aka fara shimfiɗawa a 1904, ya iso Bobo a 1934, ya yi ta jan ƙafa sai a 1954 ya shigo Wagadugu. Nijar ɗin da ke cikin sunansa kuwa har yau tana jira.

Yaron ya ce mu cika taragun da tsakuwa. Na ce ba a gidana ba, abin da jirgin ya ɗauka shi za mu loda. Taragon farko auduga, na fige ta daga matashin uwargida. Na biyu shanun yumɓu. Na uku goro, sana'ar kakanninmu na Zango. Na gaske zai yanƙwane a hunturun nan, don haka na murza yumɓu, na ja masa tsagar nan ta tsakiya, na gasa, na shafa jan fenti, na naɗe da ɗanyen ganye kamar huhu.

Ranar Juma'a bayan an sauko na jera jirgin a ƙofar gida. Sai ga tsohon maƙwabcinmu, wanda kullum yake ba mu labarin yadda ya ɗauki ƙarfen dogo da kafaɗarsa a 1985, lokacin da Sankara ya tara jama'a su ja layi zuwa Kaya.

"Yaro, ina jirgin nan ya dosa?"

"Wagadugu, Baba."

"To me shanu suke yi a ciki? Shanu da auduga kudu suke gangarawa. Goro ne ke hawowa."

Na juya kan jirgin.

"Madalla. Yanzu kuma ka mayar wa mutanen Abijan goronsu."

Muna cikin haka surukina Alhaji ya iso da babbar rigarsa. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, ina ta jera gaisuwa. Ta gefen ido na ga hannunsa ya miƙa. Na ga yatsu sun buɗe ganye. Na ga ya zaɓi mafi ja, ya goga a hannun riga, har yana cewa, "Kai, wannan ɗan zumunci ne."

Jama'a, ina da baki. Kalma biyu kawai ake bukata: "Baba, yumɓu." Amma wane ɗan halas ne zai ƙwace goro daga hannun wanda ya ba shi 'ya? Ina auna kunya da haƙori, kunya ta rinjaya. Ya yi bisimilla.

Ƙas!

Har mai shayi na tsallaken titi ya ɗago kai. Alhaji bai tofar ba. Dattijo ne, sai ya tsaya cak, kumatu a kumbure, jan fenti na bin gemunsa, yana kallona, ina kallon taragon shanu. Da dare in na rufe ido ƙarar nan nake ji. Hannu, ganye, riga, bisimilla, ƙas. A kowane zagaye ina da lokacin yin magana, a kowane zagaye ina durƙushe ina cewa, "Lafiya lau, Baba."

Tsohon nan kuwa ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ka gani? Da tun farko jirgin kudu ka haɗa, da babu goro a ciki, da haƙorin Alhaji na nan. Gobe ka ƙera biyu, ɗaya mai zuwa, ɗaya mai dawowa."

Uwargida ba ta yi mini magana ba har yanzu, rabi don mahaifinta, rabi don matashinta.

Malami ya ba ɗana 18 bisa 20. Ya ce taragon goro bai cika ba.