Ƙa'idojin Fargaba ga Mazaunin Kassalafam

Fargaba ita ce tsoron abin da bai riga ya faru ba, kuma da wannan ta bambanta da tsoro na gaskiya, wanda yake buƙatar kura ko gobara ko jami'in haraji a tsaye a ƙofar shago kafin ya kama mutum. Likitoci sun bayyana cewa idan ta taso, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a kan ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin cikin jini, sai zuciya, wadda a lokacin hutu take bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti, ta ƙara sauri, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe. Mazaunin Kassalafam, a yankin New Bell na birnin Duwala, yana da haƙƙin gado a wannan fanni, domin yankin kansa cikin zullumi aka haife shi, lokacin da Jamusawa suka ƙudura tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914, kafin daga baya wurin ya zama masaukin baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Wanda ya gaji irin wannan dukiya bai kamata ya yi almubazzaranci da ita ba, sai ya koyi kashe ta bisa ƙa'ida.

Tushen ƙa'idojin duka shi ne kada a taɓa amsa sunan fargaba. Tun da magabata sun yanke hukunci cewa faɗuwar gaba asarar namiji ce, magidancin da cikinsa ya ɗuri ruwa wajibi ne ya nemo wa halinsa wani suna mai mutunci, kamar zazzaɓi, ko gajiyar hanya, ko ɗumin gari, wanda a Duwala ba ya ƙarya a kowane wata. Idan aka ce masa, "Alhaji, lafiya kuwa na ga kana gumi?", amsar da masana suka amince da ita ita ce "Lafiya lau, sai godiya," a faɗe ta da ƙarfi sannan a ɓantari goro. Goron, wanda yake ɗauke da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi, zai ƙara wa zuciyar gudu, amma ribarsa ita ce daga nan akwai wanda za a ɗora wa laifi.

A kasuwa ne wannan ilimi yake kai maƙurarsa, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan kasuwar da yake da rumfa a Babbar Kasuwa ko Kasuwar Kongo ko Nkululun yana da tushen fargaba mai tarihi, wato karya darajar sefa da aka yi a Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 bayan da yake 50. Ko da yake yau an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, kuma adadin bai motsa ba tun 1999, ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya yarda da wannan natsuwa, sai ya riƙa jiran jita-jitar sabuwar karyawa kowace shekara, ya yaɗa ta a majalisa bayan la'asar, sannan idan ta zagayo ta dawo masa daga bakin wani ya ɗauke ta a matsayin shaida ta biyu. Wanda yake saro atamfa da takalma daga Najeriya kuwa an ninka masa rabo, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 yana iya damuwa idan ta faɗi, saboda abokin gasarsa zai saro da araha bayansa, yana kuma iya damuwa idan ta tashi, saboda bai saro da yawa ba.

Sai adashi, wato tarin kuɗin da ƙungiya take zubawa kowane mako mutum ɗaya ya kwashe, wanda a nan ake kira tontin, kuma yake riƙe da jarin rumfuna masu yawa. Hikimar da ke cikinsa ita ce ya raba fargaba daidai wa daida: wanda ya kwasa da wuri yana kwana da tunanin yadda zai ci gaba da zubi, wanda zai kwasa a ƙarshe yana kwana da tunanin ko na farkon yana nan a gari. Shawarar da ake ba na ƙarshen ita ce ya riƙa kai wa na farkon ziyarar zumunci a kai a kai, yana tambayar lafiyar iyali yayin da idonsa yake ƙirga akwatunan da ke ɗakin. Game da gobara, wadda ta sha cin Kasuwar Kongo, ladabin shi ne mutum ya kulle shago, ya kama hanyar gida, ya dawo daga rabin hanya ya ja kwado sau uku, ya duba wayar lantarkin maƙwabci da idon tuhuma, amma kada ya gyara tasa, domin gyara yana rage abin damuwa kuma yana cin kuɗi.

Fargabar siyasa ba ta buƙatar dogon bayani, kuma gajarta bayanin ma yana cikin ƙa'idarta. Shugaba Paul Biya yana kan mulki tun 6 ga Nuwamba 1982, don haka sakamakon zaɓe bai cika zama abin zullumi ba, abin da ke biyo bayansa a titi ne ake jin tsoro, musamman a garin da ya ga yajin rufe birane na 1991 da tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008. Dattijon unguwa, idan lokacin zaɓe ya matso, yakan sayi buhun shinkafa da jarkar mai ya ce don biki ne, idan kuma aka tambaye shi wa yake goyon baya sai ya ce yana goyon bayan zaman lafiya, ya juya zance zuwa ruwan sama, wanda a watan Agusta yake isar kowace majalisa abin magana har a watse.

Duk abin da aka danne a kasuwa da majalisa, a gaban talabijin ake sakinsa, domin ƙwallon ƙafa ne kaɗai fagen da al'ada ta halatta wa mai furfura ya dafe kai ya yi salati a bainar jama'a ba tare da girmansa ya zube ba. Yankin da Samuel Eto'o ya taso a cikinsa, a garin da ƙungiyar Oryx ta ɗauki kofin zakarun Afirka na farko a 1965 kuma Union ta maimaita a 1979, ba ya kallon wasa da sanyin jiki. Ɗalibin wannan fanni yana da darussa biyu da zai haddace. Ranar 8 ga Oktoba 2005 a Yawunde, Pierre Womé ya ɓarar da bugun fanareti a ƙarshen wasa da Masar, Kamaru ta rasa gurbin kofin duniya na 2006, abin da ya tabbatar da cewa ba a murna kafin busa. A Maris 2022 kuma Aljeriya ta ci Kamaru 1-0 a filin Japoma na Duwala, sannan bayan kwana huɗu a Bilida Karl Toko Ekambi ya zura ƙwallo a minti na 124 ya kai Kamaru kofin duniya na Katar, abin da ya tabbatar da cewa ba a fid da rai ma, don haka babu minti guda da aka yarda mai kallo ya huta. A irin wannan dare ne mutum zai yi dabara ya haɗa da bashin da ake binsa da kuɗin ragon layya da kuɗin makarantar yara ya yi musu ihu gaba ɗaya, kowa zai ɗauka alƙalin wasa yake wa.

Hawan bensikin, wato babur ɗin haya, ba a lissafa shi cikin fargaba, domin abin da ake tsoro a kansa yana faruwa ne a take. Haka nan ba a tanadar wa uwargida wani fage na sakin tata ba, alhali ita ce take lissafin cefane da ambaliyar kwata da dawowar yara da dare, kuma wannan giɓi ne babba a tsarin da har yanzu majalisar maza ba ta sa shi a ajanda ba.

Mai karatun da ya ga wasa ya ƙare, an kwashe adashi, zaɓe ya wuce, amma ƙirjinsa bai daina bugawa ba kuma barci ya ƙi zuwa mako bayan mako, ya ajiye goron, ya tafi asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie da ke Akwa a auna jininsa, ya kuma faɗa wa likita sunan abin na gaskiya. Ma'aunin da ya kai 140 bisa 90 hawan jini ne, ko da mai shi ya ce lafiya lau.