Waya Ta Ce In Huta

Ranar Talatar nan yayata ta aiki ɗanta ya kwaso mata doya daga gona. Gogan naku ya zaro waya daga aljihu, ya shafa ta sau biyu, ya ɗago kai da fuskar mai kawo labarin rasuwa, ya ce, "Inna, yau kam ba hali. An ce in huta awa 48."

Ina zaune a kan tabarma ina shan kunu, sai da kunun ya sarƙe ni. Na ce, "Wa ya ce?" Na ɗauka wani likita ya gani a Jugu ba mu sani ba. Sai ya juyo mini da fuskar wayar: wata da'ira ja, da lamba a tsakiya tana raguwa kamar kuɗin cefane. Ya ce, "Kawu, ba ni na faɗa ba. Manhaja ce."

To, jama'a, ga inda muka iso a garinmu Onklou.

Abin ya faro ne tun da yaron nan ya ji cewa a watan Fabrairu ake gudun yada-ƙanin-wani a Faraku, wanda fada-fadan cocin Katolika ke shiryawa duk shekara, kilomita 42 da ɗoriyar mita 195. Ya buga ƙirji ya ce bana da shi za a yi. Na yi murna, wallahi. Na ce ko ba komai za a ga asuba da shi a tsaye. Ashe ban fahimci tsarin ba. Kafin mutum ya yi gudu a wannan zamani, sai ya zaɓi abin da zai rubuta gudun, kuma zaɓen ya fi gudun wuya. Mako bakwai ke nan yana zaɓe. A cikin mako bakwai ɗin nan, da idona na ƙirga, sau uku ya fita, ɗaya daga ciki ma ya dawo daga bakin titi saboda ya manta bai danna maɓallin farawa ba. Ya ce gudun "bai shiga ba." Zufa ta jiƙa masa riga, ƙura ta yi masa fari fat har gira, amma gudun bai shiga ba. Ina zufar ta fito, oho.

Ku je teburin mai shayi da daddare ku ji musu. Da can musun Barcelona da Real Madrid ake yi, yanzu an samu sabon fage. Wannan ya ce Strava ce uwa, domin a can ne abokai ke ɗaga maka babban yatsa, kuma idan ka fi kowa sauri a wani yanki na hanya sai a ɗora maka kambi a kira ka sarkin dutse. Wancan ya ce ai tun 2020 suka mayar da cikakken jerin gwanaye na masu biyan kuɗi, shi kuwa ba zai biya sefa ko dala ba don a gaya masa cewa wani ya fi shi. Wani ya ce ta Nike ta fi, akwai murya a kunne tana ba ka baki. Wani mai gilashi, wanda ya yi wata uku a Kwatano ya dawo da sabuwar tafiya, ya ce duk wasan yara suke yi, manya TrainingPeaks suke amfani da ita, ko GoldenCheetah idan mutum yana da kwamfuta. Ba shi da kwamfuta. Su shida ne a teburin, kowa da kofin shayi mai madara da rabin burodi, kuma a cikinsu babu wanda ya taka ƙafa daga gida zuwa teburin. Zem, wato babur ɗin haya, ne ya sauke su.

Amma bari in koma kan awa 48, don nan ne zuciyata take.

Ba zan faɗi sunan manhajar da ta ba da wannan hutu ba, ba ruwanta, abin da aka ba ta shi ta dafa. Na zaunar da yaron na ce ya nuna mini yadda ta san ya gaji. Ya ce tana duba bugun zuciya, ta haɗa da shekaru da nauyi. Akwai wani tsohon lissafi da suke yi, a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun da zuciya za ta kai a minti ɗaya. Na duba shekarun da ya rubuta, na ga ya rage uku. Na duba nauyi, na ga ya rage kilo takwas. Ashe waya ma ana yi mata ƙaryar da ake yi wa budurwa. Bugun zuciyar kuwa daga wani agogo yake zuwa, wanda ya sayo a kasuwar Arzeke ta Faraku, mai koren haske a bayansa. Hasken nan yana shiga fata ya dawo, agogon ya ƙirga yadda jini ke kaiwa da komowa. Haka aka ce masu kyau suna yi.

Na ce ba ni. Akwai ragowar doya guda a gindin rumbu, irin mai kauri kamar hannun ɗan dambe. Na ɗaura mata agogon, na ja maɗauri har rami na ƙarshe, muka zuba ido. Koren haske ya yi ƙyafta-ƙyafta. Sai ga lamba: 78.

Doya tana da zuciya, jama'a. Shekara nawa muna feraye ta, muna jefa ta a tafasasshen ruwa, muna kirɓa ta a turmi, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarta. Na ɗan mirgina ta a ƙasa, bugun ya hau 91. Na ce a yi mata fifita. Yaron ya fara cewa, "Kawu, ai ba haka ake..." na ce ya yi shiru, marar lafiya na hutawa. Muka bar ta da agogon har la'asar. Da muka dawo, an rubuta mata cewa ta yi barci na awa biyu, barcin ma mai nauyi, an kuma shawarce ta da ta tashi ta ɗan motsa jiki don ta daɗe a zaune. Ni dai ban ga laifin shawarar ba. Da doyar nan za ta ji magana ta tashi ta kira 'yan'uwanta daga gona su taho da ƙafarsu, da an huta da rigima. Na tambayi yaron ko za a yi mata rajistar gudun Faraku, tunda bugunta ya fi nasa daidaito, kuma ba ta taɓa ƙaryar nauyi ba. Bai yi dariya ba. Ya karɓe agogonsa ya goge shi da gefen riga, kamar doyar ce ta ɓata masa suna.

Hutun nan kuma, na lura, hutu ne mai zaɓe. Ya hana ɗaukar kwando, ya hana jan guga, ya hana kora akuya daga shanyar rogo (ya kora sau ɗaya, aka ƙara masa awa shida, ya rantse ba zai sake ba). Amma bai hana muƙamuƙi aiki ba. Da aka sauke sakwara da miyar gyaɗa, malmala uku ya tashi da su, ya nemi a ƙaro masa wagashi, wai manhaja ta ce jiki yana ginuwa ne a lokacin hutu. Ni ma na gwada sa'ata. Washegari uwargida ta miƙo hannu ta ce kuɗin cefane, na duba wayata, wadda ko hoto ba ta ɗauka da kyau, na ce an ce in huta. Kallon da ta yi mini, da da agogo a hannuna, da ya nuna 200.

Ku dai ƙaddara abin ya bazu. Ungozoma ta ce a dakata da naƙuda, da'irarta ba ta koma kore ba. Mai zem ya tsaya da kai a tsakiyar hanyar Jugu ya ce sauka, ya cika adadin yau. Ladan ya aiko a ce kowa ya duba wayarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Yayata ta haura hamsin. Ba ta ce uffan ba. Ta naɗa gammo, ta ɗauki kwano, ta kira ƙanwar yaron, suka kama hanya cikin hunturun nan da ke tsaga leɓe. Sawu uku suka yi. Ta dawo na ƙarshe tana dafa ƙugu, ta sauke kaya, ta hura wuta, ta dafa, ita ce kuma ta kirɓa sakwarar da ɗan tseren ya cinye. Babu wanda ya ɗaga mata yatsa, babu kambi, babu da'ira ja ko kore. Shi kuwa ƙato, mai gemu, yana kwance a inuwar mangwaro yana kallon lamba tana sauka. Umarnin uwa ya zama abin shawara, na waya ya zama wajibi. Wannan ba gajiya ba ce, rashin kunya ce aka saya da data.

Kuma a ina? A kan wannan hanya! Jugu fa zango ne na fatake tun kafin Bature ya san akwai ta. A da can, ayarin goro daga Gwanja, daga kasuwar Salaga, nan yake yada zango a unguwar Wangara kafin ya nufi ƙasar Bargu, ya haye Kwara, ya doshi Sakkwato da Kano. Tafiyar watanni, a ƙasa, da jakuna, goro a naɗe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Madugu ne manhajarsu. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa, da sarkin da ke cin kuɗin fito da yawa, da dajin da 'yan fashi ke kwana. Jagaba na gaba. Idan madugu ya ce a huta, to ya duba kofaton jaki ne da idon mutane, ba doya ya ɗaura wa agogo ba. Da yawa daga cikin Hausawan da ke nan jikokin waɗannan mutane ne. Kakan kakanka ya taka daga Salaga zuwa Kano, kai kuma gona ta gagare ka sai tauraron ɗan'adam ya sa hannu.

Na gaya wa yaron cewa Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun Olamfik a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa. Ya ce wancan zamanin jahiliyyar wasanni ne. Na ce taku dubu goma da yake bauta wa kullum, wani kamfanin Japan ne ya raɗa wa na'urarsa wannan suna a 1965 don ta shiga kasuwa. Ya ce Kawu ba ka son ci gaba.

Sai dai akwai amfani guda da na samu, kuma saboda shi na fasa cewa a goge komai. Manhajojin nan suna zana taswirar duk inda mutum ya bi. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya duba taswirar da Strava ta wallafa, ya gano sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, domin sojoji suna gudu suna zagaye shingensu da agogo a hannu. A 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta bi sawun masu tsaron shugabanni, har da na Macron, ta wannan hanya. To idan asirin sojan Amurka bai rufu ba, ina na ɗan yayata? Na duba taswirar fitarsa. Layin ya miƙe daga gida, ya bi bakin titi, ya karya kwana bayan injin niƙa, sai ya dunƙule wuri ɗaya kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Minti arba'in a ƙofar gida guda, duka sau biyun da gudun ya shiga. Bugun zuciya a wurin 130, ƙafa ba ta motsa ba. Na san gidan, na san mai gidan, na kuma san yana da 'ya da ta isa aure. Na nuna wa yayata. Karo na farko a makon nan da na ga ta yi dariya.

Awa 48 da ƙarin shida na akuya sun cika jiya Alhamis bayan azahar. Na je da kwando a hannu in taya shi murna. Na tarar ya goge waccan ya sauke wata sabuwa, wai ta fi iya lissafi. Wannan ta ce sai ta yi mako biyu tana nazarin barcinsa kafin ta faɗi ranar da zai fara.